Littafin da yaro zai fara karantawa a gida: wasu ma'aunai na zaɓe, bisa misalin Bengu (Gaya)

1. Gabatarwa

Idan aka ce ana karantar da yaro a gida, abin da ake nufi a Faransa ko Amurka daban yake da abin da muke gani a ƙasarmu. A can makaranta tana nan kusa, iyaye ne suke zaɓar su riƙe ɗansu, har ta kai Faransa ta yi doka a 2021 wadda ta hana yin haka sai da izinin hukuma. A Nijar kuwa ajin share fage, wanda ake kira «jardin d'enfants», bai kai ga mafi yawan yaran karkara ba. Yaro ɗan shekara huɗu ko biyar yana gida yana jiran shekarar da za a rubuta shi aji na farko (CI), sai wani daga cikin mutanen gidan da ya yi lakwal, uwa ce ko yaya ko kawun da ya aje aikin koyarwa, ya ce bari ya fara nuna masa baƙaƙe kafin lokacin. Daga nan sai a aika kasuwa neman littafi. Wannan littafin da za a sayo shi ne abin da muke son dubawa a cikin wannan takarda, da idon mai nazarin harshe.

Mun ɗauki Bengu (Bengou a takardun gwamnati) a matsayin misali domin matsalar ta fi fitowa fili a can. Gari ne a gundumar Gaya, jahar Doso, a yankin Dallol Foga inda ake dafa gishiri, kusa da kurmin giginya na Dallol Mawri. Nijeriya tana gabas da shi, da garin Kamba na jahar Kabi. Benin tana kudu, tsallaken kogin Isa, inda Malanbil ke fuskantar Gaya. A wannan yanki ana jin Hausa da Dendanci da Zabarmanci da Fulatanci, kuma Kyangawa, waɗanda harshensu na asali ɗan gidan Mande ne, galibinsu sun koma Hausa ko Dendanci. Ke nan littafi yana iya shigowa gida daga ƙasa uku, kowace da harshen makarantarta da ƙa'idar rubutunta, ban da allo wanda ya riga su duka shiga hannun yaro.

Maganar ba ƙarama ba ce. A gwajin PASEC na 2014, ɗaliban Nijar da suka kai matakin da ake buƙata a karatu a ƙarshen firamare ba su kai ɗaya cikin goma ba. Sakamakon 2019 ya fi wannan kyau, amma har a lokacin mafi yawan ɗalibai ba su kai matakin ba. Iyayen da suka ce za su fara tun a gida suna da hujja. Sai dai littafin da bai dace ba yana iya cinye wa yaro shekara guda, kuma ya koya masa wata ɗabi'a mai wuyar kankarewa, wadda za mu yi bayani nan gaba.

2. Littafin kunne da littafin ido

A 1986 Gough da Tunmer sun kawo wani ra'ayi mai sauƙi wanda bincike ya yi ta tabbatarwa daga baya: fahimtar abin da aka karanta tana fitowa ne daga abu biyu da ake ninkawa da juna, wato iya mayar da haruffa sauti, da kuma fahimtar magana idan an ji ta da kunne. Tun da ninkawa ake yi, idan ɗaya ya zama sifiri to sakamakon ma sifiri ne. Yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali a harshen da ba ya ji, sauti kawai yake fitarwa. Wanda kuma yake jin harshen amma bai iya haɗa baƙi ba, sai dai ya yi canke.

Abin da wannan ke nufi ga mai sayen littafi shi ne iri biyu yake buƙata, kuma ma'aunin kowanne daban. Na farko muna kiran sa littafin kunne: babba ne ke karantawa, yaro na sauraro. Wannan ya kamata ya fi ƙarfin yaro kaɗan, ya zo da kalmomin da bai taɓa ji ba da jimloli masu tsawo, domin a nan ne harshensa ke faɗaɗa. Tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi sun isa, ko daga baki ko daga tarin da Ibrahim Yaro Yahaya ya buga da sunan «Tatsuniyoyi da Wasanni». Har wasu labaran «Magana Jari Ce» na Abubakar Imam, wanda ya fito a Zariya a ƙarshen shekarun 1930, ana iya karanta wa ɗan shekara biyar idan mai karatun ya san inda zai taƙaita. Ba mu tare da masu cewa dole duk hoton da ke cikin littafin yaro ya zama na ƙauyensu. Yaron Bengu ya san giginya da rake da kwalekwale. Babu laifi littafin kunne ya nuna masa teku ko jirgin ƙasa, ai aikinsa ke nan.

Na biyu shi ne littafin ido, wanda yaro zai karanta da kansa, yatsansa bisa layi. A nan ƙa'ida ta juye: kada a sa masa abin da ba a koya masa ba, kada kuma a sa kalmar da bai sani ba a bakinsa. Yawancin kuskuren da ake yi wajen saye daga haɗa waɗannan biyun yake tasowa. A sayo littafi mai hotuna masu kyau da labari mai daɗi, a ce yaro ya karanta, alhali na kunne ne. Sauran wannan takarda a kan littafin ido take.

3. Da wane harshe?

Iyaye da yawa Faransanci suke nema kai tsaye, domin sun san da shi za a tarbi yaro a mafi yawan makarantu. Abin da aka fi sani shi ne «Mamadou et Bineta» na André Davesne, wanda aka rubuta domin makarantun Afirka ta Yamma a wajajen 1930, kuma aka yi ta sake buga shi bayan samun mulkin kai. A ba shi haƙƙinsa: littafin farko na jerin yana tafiya daki-daki, daga harafi zuwa gaɓa zuwa kalma. Matsalarsa ga yaron da muke magana a kai ita ce wancan lissafi na ninkawa. Yaron ba ya jin Faransanci, saboda haka ɓangare guda sifiri ne, kuma babu abin da zai shaida masa cewa ya karanta daidai, tun da kalmar da ya fitar ba ta tada masa komai a rai.

Bugu da ƙari, rubutun Faransanci kansa yana da wuyar shiga. Sautukansa ba su kai arba'in ba, amma hanyoyin rubuta su sun haura ɗari. Kalmar «oiseau» haruffa shida ce, babu ko ɗaya da ake furtawa da sautin da aka koya wa yaro da farko. Seymour da abokan aikinsa sun gwada yaran ƙasashen Turai a ƙarshen shekararsu ta farko ta koyon karatu (2003): a harsunan da rubutu ke bin furuci sosai, kamar na Finlan da Italiya da Sifen, yara sun karanta sama da kashi 90 cikin 100 na kalmomin daidai, a Faransanci kusa da 80, a Ingilishi kuwa wajen kashi ɗaya cikin uku. A lura, waɗannan yara ne masu karatu da harshen da suka tashi da shi. Bokon Hausa, ta fuskar baƙaƙe, yana cikin rukunin farko: duka alamominsa, har da masu goyo irin «sh», «ts», «ky», «gw», ba su wuce arba'in ba, kuma kusan kowace sauti guda take wakilta.

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan magana. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Zinder, daga baya aka ƙara da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci, INDRAP tana shirya littattafai. Dokar ilimi ta 1998 (LOSEN) ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa, kuma awon da aka yi wa makarantun gwaji, wanda Albasa ta buga a 2002, bai nuna cewa farawa da harshen gida ya tauye Faransancin ɗalibai ba. A watan Maris na 2025 kundin da hukumomi suka kafa ya mayar da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Amma sauya matsayin harshe a takarda daban, kai littafin yara kasuwar ƙauye daban, kuma mai saye da abin da ya tarar a shimfiɗe zai yi aiki.

Ba muna cewa a nisanta yaro da Faransanci ba ne. A bar shi ya shiga ta kunne, da gaisuwa da ƙirga da sunayen kaya. Haɗa baƙi da wasali sau ɗaya ake koyon sa a rayuwa, kuma haruffa irin a, i, o, b, d, k, l, m, n, t, z suna riƙe sautinsu idan an ƙetara zuwa Faransanci. Waɗanda za a sake wa aiki kaɗan ne: u, e, c, g, h, s, da haɗe-haɗe irin «ou», «ch», «an». Sunan garin ma darasi ne: ranar da yaron da ya iya karanta «Bengu» ya ga «Bengou» a allon bakin hanya, bayani guda ya ishe shi.

A gidan da ake harshe biyu, kamar uwa Badendiya uba Bahaushe, awon da muke ba da shawara shi ne a ce wa yaro ya ba da labarin abin da ya gani a kasuwa, a ji da wane harshe zai zarce ba tare da tsayawa ba. Idan Dendanci ne, littafin Zabarmanci na Yamai ya fi kusa da shi bisa ga na Faransanci, ko da yake ba ɗaya suke ba. Littafin da ya fito daga Benin kuma yana bin abajadan harsunan ƙasar na 1975, mai haruffa irin ɛ da ɔ, waɗanda yaro ba zai sake gamuwa da su a littafin Hausa ba.

4. A ƙirga kafin a saya

Ma'aunin da ya fi kowane amfani ƙirga ne, kuma ana iya yin sa a tsaye gaban mai littattafai. A ɗauka an koya wa yaro haruffa takwas: a, i, u, n, m, k, b, t. Ga jimloli biyu:

(1) Kaka ta ba ni nama.
(2) Kaka tana tuƙa tuwo.

A (1) babu harafin da bai sani ba, saboda haka zai iya kai ƙarshenta shi kaɗai, ko da a hankali. A (2) haruffa 16 ne, ya san 13, wato kashi 81 cikin 100. Adadin ya yi kama da mai kyau, amma idan aka ƙirga kalmomi sai a ga biyu cikin huɗu ne kawai zai iya, kuma biyun da suka gagare shi su ne masu ɗauke da ma'anar jimlar. Don haka kalmomi ake ƙirgawa. A Faransa, binciken da Roland Goigoux ya jagoranta a azuzuwan CP 131, wanda rahotonsa ya fito a 2016, ya nuna cewa yara masu rauni suna ƙara komawa baya idan abin da za su iya haɗawa da kansu a cikin nassin bai kai wajen kashi 30 cikin 100 ba. Su can dole suke haƙura da adadi tsaka-tsaki saboda yanayin rubutunsu. A Hausa babu dalilin haƙura: da haruffa takwas ɗin nan kaɗai ana samun «uku», «kunu», «baki», «tuta», «mutum», «ina», «nan», «bana», da jimloli masu ma'ana. Littafin farko na Hausa da bai kusanci ɗari bisa ɗari ba a shafukansa na farko, marubucinsa ne bai yi aikinsa ba.

Me ke faruwa idan adadin ya yi ƙasa? Yaro ba ya zama haka nan, dabara yake nema, kuma dabarar da ta fi kusa da yaron ƙasar Hausa ita ce hadda. Ya saba da ita a makarantar allo, inda take da muhallinta da darajarta. A karanta masa shafi sau uku ya riƙe, gobe ya maimaita yana bin layi da yatsa, gida ya ɗauki murna an ce ya iya karatu. Wannan ita ce ɗabi'ar da muka ambata a gabatarwa. Tana iya raka yaro har aji uku ko huɗu ba a gane ba, sai ranar da nassi ya yi tsawon da hadda ba ta ɗauka. Gwajinta ba wuya: a rufe hoton da hannu, a kwafe kalmomi uku daga shafin bisa ƙasa ko allo cikin wani jeri daban, a ce ya karanta.

Abin sha'awa, makarantar allo ɗin nan tana da ɗayar dabarar ma, wadda muke so. Ana fara babbaƙu, wato sanin baƙaƙe zalla, sannan farfaru, inda ake ɗora wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a a kan kowane baƙi. Wannan shi ne ainihin ba, bi, bu. Uban da bai yi lakwal ba ya san wannan tsari sarai, kuma idan aka ce masa a nemi littafin boko mai babbaƙu da farfaru, ya gane abin da ake nufi fiye da idan an ce masa «méthode syllabique». Tsarin ya kuma dace da ginin harshen, domin gaɓar Hausa iri uku ce kawai: baƙi da wasali gajere, baƙi da wasali dogo ko tagwai, sai baƙi da wasali da baƙi. Littafi mai kyau zai fara da buɗaɗɗiyar gaɓa, ya jinkirta rufaffiya irin «kar», «tun», ya ƙara jinkirta baƙi mai ruɓi irin na «babba» da «hannu», sannan masu goyo a ƙarshe.

Akwai kuma b, ɓ, d, ɗ. Haruffa huɗu ne masu kama da juna, kuma yaron da ke rubutu daga dama zuwa hagu da safe, daga hagu zuwa dama da yamma, zai daɗe yana juya su. A duba ko littafin ya raba su da makonni. A duba kuma ko ƙugiyoyin suna nan, domin akwai ƙananan littattafai da takardun fotokopi da aka buga da na'urar da ba ta da su, inda «baƙi» ya koma «baki», «ɗaki» ya koma «daki». Babba yana cike giɓin da kansa. Mai koyo ba shi da abin cikewa.

5. Abin da boko ya ɓoye

Mun ce bokon Hausa yana bin furuci ta fuskar baƙaƙe. Ta fuskar wasula labarin ya sauya. Haruffa biyar ne ke ɗauke da wasula goma, gajeru biyar dogaye biyar, kuma ba a nuna karin sauti ko kaɗan. A misalan da ke tafe mun ruɓanya dogon wasali, mun sa alama bisa gaɓa mai karin ƙasa:

(3) gàrii (wurin zama), gàarii (na hatsi): duka «gari»
(4) kuukaa (na hawaye), kuukà (itace): duka «kuka»
(5) farii (launi), farìi (rashin ruwa), fàarii (jam'in fara): duka «fari»
(6) yaa tàfi (an riga an yi), yà tàfi (umurni): duka «ya tafi»

Bayan taron Bamako na 1966 Nijar ta yi shekaru tana ruɓanya dogon wasali a littattafan yaƙi da jahilci, kafin a daidaita da Nijeriya a farkon shekarun 1980, sannan ƙa'idar 1999 ta zo ta tabbatar da rubutun da muke amfani da shi yanzu. A ganinmu mai koyo ya yi asara a wannan sauyi, ko da yake abin da aka samu, wato rubutu guda daga Doso har Yola, ya fi abin da aka rasa. Ko ma dai yaya, tsofaffin ƙasidun nan idan an tarar da su a akwati ba na yaro ba ne: ƙa'idarsu ta shuɗe, kuma zancensu na taki ne da ƙungiyar manoma.

Sakamakon wannan ga zaɓen littafi a bayyane yake. Mai karatun Hausa ba ya samun cikakken furuci daga takarda. Rabi yake samu, sauran rabin daga saninsa na harshen yake cikowa. Yaro ya haɗa «ga» da «ri», sannan dole ya laluba cikin kalmomin da ya sani ya ga wacce ta dace. Saboda haka dogon jerin kalmomi tsirara, wanda littattafan farko suke so ƙwarai, ya fi jimla wuya a Hausa. «Gari» shi kaɗai ba a san yadda za a furta shi ba. «Inna ta tankaɗe gari» ba ta da shakka. A fifita littafin da yake saurin sa kalma cikin gajeriyar jimla. Hoto ma yana warware shakkar, amma yana da nasa haɗari, domin yaro mai wayo zai kalli hoton ya faɗi sunan abin ba tare da ya dubi haruffa ba. Wanda ya fi shi ne hoton da ke nuna wurin da abin ke faruwa ba tare da ya fallasa kalmar ba, ko wanda aka sa a bayan shafi, yaro ya karanta tukuna sannan ya juya ya ga ko ya yi daidai.

6. Hausar littafi da Hausar gida

Littattafan Hausa da suka fi saurin kai wa yankin ta Nijeriya suke biyowa. Akwai tsohon jerin nan na kamfanin NNPC na Zariya, «Ka Koyi Karatu» da «Ka Ƙara Karatu» da «Ka Yi Ta Karatu», akwai kuma na baya-bayan nan irin «Mu Karanta!», wanda aka shirya wa makarantun gwamnati na jahohin Sakkwato da Bauci daga tsakiyar shekarun 2010, bisa tsarin harafi, gaɓa, kalma, labari. A Yamai, Albasa da Gashingo sun buga littattafan yara da harsunan ƙasa. Wanda ke da salula mai intanet yana iya sauko da ƙananan labarai kyauta daga African Storybook ko Bloom, sai dai ingancin Hausarsu ba ɗaya ba ne, dole a tace.

Kusan duka waɗannan da daidaitacciyar Hausa aka rubuta su, wadda aka gina bisa Kananci. Hausar yankin Gaya kuwa ta yamma ce, ƴar'uwar Kabanci da Arewanci, kuma yawancin siffofinta irin waɗanda Bernard Caron ya bayyana ne a nazarinsa na Hausar Adar (1991). A kwatanta:

(7) Littafi: Yaron da muka gani yana cin kifi.
Baki: Yaron da munka gani shina cin kihi.
(8) Littafi: Fari ne. Akuya biyar ce.
Baki: Hwari na. Akuya biyat ta.

Bambancin bai kai ya hana fahimta ba, amma ya faɗa kan ƙananan kalmomin da suka fi yawan maimaituwa, waɗanda littafin farko ya dogara da su. Harafin «f» shi ya fi ba da wahala, domin sautin da littafi ke nufi kusan babu shi a bakin yaron: «hw» yake cewa kafin a, «h» kafin i da e da u. Littafin da ya kawo «f» a darasi na uku, da hoton kifi ko fara, ya sa yaro neman sautin da ba ya ji a kalmar. Mai koyarwa ya tsallake darasin ya dawo masa daga baya, ya kuma faɗa wa yaro gaskiya: mu «kihi» muke cewa, littafi «kifi» yake rubutawa.

Wani abin lura ga masu gyara. Idan yaro ya dubi «muka» ya ce «munka», ko ya dubi «yana» ya ce «shina», kada a ɗauke shi kuskuren karatu irin na wanda ya ce «maka». Ya haɗa haruffan, ya gane kalmar, ya mayar da ita bakinsa. Alama ce ta fahimta. A nuna masa abin da ke rubuce ba tare da tsawa ba. Yaron da ake katsewa a kowane layi saboda karin harshensa yakan koma karatu da ƙaramar murya, daga nan ya daina.

Kalmomin aro ba su kai wannan damuwa ba. Littafin Nijeriya zai ce «ashana», «asibiti», «lori», inda Hausar Nijar ke cewa «alimeti», «likita», «kamyo», amma ɗan bakin iyaka da ke ganin naira da sefa a hannun uwarsa yakan san duka biyun. Haka nan «'y» na Nijeriya da «ƴ» namu, bayani guda ne.

7. Mai koyarwa, da littafin da babu a kasuwa

Akwai matsalar da ba ta cikin littafi. Wanda zai koyar a gida galibi da Faransanci ya yi lakwal, bai taɓa zama ajin Hausa ba. Idan zai aika saƙo a salula «ina kouana» yake rubutawa, da «tchi», da «guida». Ba shi littafin Hausa mai kyau sai ya karanta «c» kamar «k», ya ga «ƙ» ya ɗauka kuskuren bugu ne, ya kira haruffa da sunayensu na Faransanci, «effe», «elle», «emme», waɗanda ba sa taimakon haɗa gaɓa. Kafin a sayi na yaro, shi ya kamata ya zauna kwana biyu da jadawalin baƙaƙen Hausa, ko da gabatarwar ƙamus irin «Ƙaramin Ƙamus na Hausa zuwa Faransanci» na Abdou Mijinguini. Ga wanda ya riga ya iya karatu aikin yini biyu ne.

Idan ya yi wannan, zai iya rubuta littafin ido da kansa, kuma sau da yawa zai fi na kasuwa dacewa. Kaye guda da bik sun isa. Kowane shafi harafi ɗaya sabo, layin gaɓoɓi, kalmomi huɗu ko biyar, jimla biyu da ba su ƙunshi komai ba sai abin da aka riga aka koya. A yi rubutun rabe-rabe da manyan haruffa masu kama da na bugu, a bar haɗaɗɗen rubutun lakwal sai an shiga CI. Sunayen ƴan gida su shiga da wuri, domin babu kalmar da yaro ya fi ɗokin ganewa kamar sunansa da na ƙanwarsa, sannan abubuwan da yake gani: rake, gishiri, jaki, muruci. A shafukan farko ana iya kauce wa wuraren da Hausar gida ta saɓa wa ta littafi, tun da akwai jimloli da yawa, irin (1), waɗanda Bakano da Bakabe suke faɗa iri ɗaya. Zama kuma kada ya wuce minti goma ko sha biyar ga ɗan shekara biyar. Ɗan shekara huɗu da bai nuna sha'awa ba a bar shi da littafin kunne, a Finlan ma sai yaro ya shekara bakwai ake sa shi aji ɗaya.

A nan ɗalibanmu masu neman batun digiri na biyu suna da aiki a gabansu. A ɗauki maganar yara ƴan shekara huɗu zuwa shida a Bengu da Bana da Yelu, a rubuta ta, a fitar da kalmomi ɗari biyar da suka fi yawa, a ware waɗanda furucinsu ya yi daidai da daidaitacciyar Hausa, sannan a jera haruffa bisa yawan kalmomin da kowanne ke buɗewa. Daga wannan jeri za a iya auna littattafan da ke kasuwar Gaya da ta Kamba ɗaya bayan ɗaya, shafi-shafi, da irin ƙirgar da muka nuna a (1) da (2).